Babi na Shida: Me Ya Kashe Ƙwaron Wake?

Duk wanda ya taɓa ajiye wake a Kontagora ya san wannan. Ka shiga ɗakin ajiya a watan Maris, ka kwance bakin buhu, ka tura hannu har gwiwa. Idan waken lafiya lau yake, sanyi za ka ji. Idan kuwa ƙwari sun shige shi, ɗumi za ka ji kamar ka taɓa goshin mai zazzaɓi, ka zaro hannu da farin gari a tsakanin yatsu, ka tarar kowace ƙwaya da ’yar ƙofa zagayayya. Macen ƙwaron kan manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta ci ta girma, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito cikakken ƙwaro, shi ma ya nemi inda zai saka nasa. Mace ɗaya na iya saka ƙwai kusan ɗari. Lissafin ba ya buƙatar alli: buhun da aka ɗaure da kaka yana iya zama dusa kafin ruwan farko.

Tsoron wannan ne ke sa manomin Mariga ko Rijau ya sayar da wakensa da kaka, lokacin da mudu ba shi da daraja, ya dawo ya sayi irinsa da tsada da bazara. Ɗan kasuwar da ya saya kuma ba zai zuba ido ya yi asara ba, sai ya jefa ƙwayar fostoksin, wadda ’yan kasuwa ke cewa bom, ko ya yayyafa fiya-fiya. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Amma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda gubar daikulobos da aka samu a jikinsa. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an kuwa samu wanda ya kai 4.6. Turawa sun mayar da shi, mu kuma mun ci gaba da yin ƙosai da alale da irinsa.

Bayoloji nake koyarwa, kuma ƙwaron wake tsohon baƙo ne a ajinmu. Yakan zo a jarrabawar gwaji ta WAEC da ta NECO, wadda hedikwatarta ke Minna. A sa shi a ’yar kwalba, ɗalibi ya leƙa da gilashin ƙara girma, ya zana, ya nuna kai da ƙirji da ciki, ya rubuta ɓarnar da yake yi da hanyoyi biyu na magance shi, ya ci makinsa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da littafi ya bayar ita ce a ajiye hatsi a mazubin da iska ba ta shiga. Shekara da shekaru ina rubuta wannan jimla a allo, yara na kwafa.

Wata rana a ajin SS2 ina cikin rubuta ta, wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, “Malam, su waye suka gano haka? Kakata toka take zubawa, kuma nata ba ya lalacewa. Wanne ya fi?”

Na ce mata littafi ya kawo duka biyun. Ta yi shiru, amma na ga shirun na ladabi ne, amsar ba ta shige ta ba. Da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar ta yi tambayar da kimiyya ta ginu a kanta, ni kuma na amsa mata da cewa haka aka rubuta. Muna koya wa yara sakamakon bincike kamar yadda ake ba mara lafiya ƙwaya, ya haɗiya da ruwa bai san abin da ke ciki ba. Yaro ya gama sakandare ya haddace sunayen sassan zuciya da matakan rabuwar ƙwayar halitta, amma bai taɓa ganin takarda ɗaya da wani ya zauna ya rubuta yadda ya gano abu ba, balle ya san cewa ana iya kama irin wannan takarda da kuskure.

Takardar bincike ba littafin karatu ba ce. Rahoto ne na mutanen da suka yi gwaji da hannunsu, yawanci shafi biyar zuwa goma, da ake bugawa a mujallar masana bayan wasu masanan fannin sun duba sun yi gyare-gyare. Tana farawa da taƙaitawa, sai dalilin yin aikin, sai yadda aka yi shi dalla-dalla, sai abin da aka samu cikin jadawali da zane, daga ƙarshe masu binciken su faɗi abin da suke ganin sakamakon ke nufi. Galibin mutane taƙaitawar kawai suke karantawa, ’yan jarida ma wani lokaci kanun kaɗai. Amma naman yana tsakiya, a wurin da aka ce ga yadda muka yi. Nan ne ake gane ko maganar ƙarshe tana da ƙafafun tsayawa.

Na yi sa’a amsar tambayar yarinyar ba ta yi nisa da mu ba. A 2012 masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da ke da reshe a Maraɗi, ƙarƙashin Ibrahim Baoua, tare da Larry Murdock na Jami’ar Purdue ta Amurka, sun buga takarda a wata mujalla da ta keɓanta da ajiyar amfanin gona. Hanyoyi shida suka jera kafaɗa da kafaɗa: toka, yashi, fostoksin, ganye da rassan anza, gasa wake da zafin rana, da buhu mai ruɓi uku, wato leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake sayarwa da sunan PICS. Suna ɗibar samfuri duk bayan kwana talatin har wata biyar, suna ƙirga ramuka da ƙwari. Ga tokar kaka a cikin mujallar masana, an ba ta kujera daidai da ta maganin bature.

Na buga takardar a shagon kwamfuta, na yi fotokwafi, na raba ajin gida-gida, kowane gida da sashensa. Turancin ya yi musu tsauri, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Na ba su mako guda, na ce su ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta gagare su, mu warware tare. Sannan na kafa sharaɗi ɗaya wanda har yau ban sauka daga kansa ba: wanda zai gabatar, sai ya fara bayyana sashensa da Hausa, ba tare da kallon takarda ba, kamar yana yi wa mahaifinsa bayani a zaure. In ya iya, sai ya maimaita da Turanci. Yaro na iya karanto jimlar Turanci tiryan-tiryan bai fahimci komai ba. Da Hausa babu wurin ɓuya. Ko ka gane, ko bakinka ya tsaya.

Abin da ya fara ɗaure musu kai shi ne waken da aka bari ba a yi masa komai ba. Wani yaro ya ce, “Malam, wannan ai almubazzaranci ne. Sun san zai lalace, don me za su bar shi?” Na tambaye shi: in ka zuba toka, bayan wata biyar ka tarar da wake lafiya, ta yaya za ka san tokar ce ta yi aiki? Wataƙila tun farko babu ƙwai a jikinsa. Wataƙila sanyin hunturu ne ya rage wa ƙwarin ƙarfi. Sai ka ajiye ɗan’uwansa a gefe, iri ɗaya, wuri ɗaya, rana ɗaya, wanda toka kaɗai ta raba su. Yaran suka laƙaba wa wannan kaso suna ɗan kallo, sunan kuma ya zauna. Daga ranar duk maganar da aka kawo ajin, ko ta maganin basir ce da ake tallarsa da lasifika a tasha, sai ka ji wani ya ce, ina ɗan kallon?

Dabarar jera magunguna a gwada su tare tsohuwa ce. A 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya ɗauki matuƙa goma sha biyu masu ciwon da ke kumbura dasashi ya sa shi zub da jini, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kaso magani daban. Waɗanda suka sha lemo ne suka warware. Shi ma hanyoyi shida ya gwada. Na ba su labarin a gurguje, sai ga wata ta ce mutum biyu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Gaskiya ta faɗa, kuma ban koya mata ba tukuna.

Ranar gabatarwa muka ja tebura muka yi da’ira. Gidan da ya karanta sakamako ya zana jadawalin a allo, ya nuna cewa buhu mai ruɓi uku yana cikin hanyoyin da suka fi kare waken. Sai aka buɗe fagen tambaya. Da farko shiru, don yaranmu ba su saba a ce su tuhumi abin da aka buga da inji ba. Wanda ya fasa shirun ɗan wani manomi ne. Ya ce Maraɗi ƙasar yashi ce, ruwansu kaɗan ne, mu kuwa a nan ruwan da ke sauka a shekara ya kai kusan ninki biyu na nasu, wani lokaci ana girbe wake da sauran laima a jikinsa. In aka ɗaure irin wannan a leda, ba zai yi fumfuna ba? Tambaya ce ta ainihi, domin masu buhun da kansu suna gargaɗin a busar da hatsi sosai kafin a ɗaure. Wata ta ce wata biyar bai kai ba, su a gidansu daga Nuwamba har Yuli suke ajiya. Wani ya ce toka tana aiki ne in an zuba ta da yawa, kusan kwano da kwano, ta cike duk ratar da ke tsakanin ƙwayoyi. Mai tukunya ɗaya zai iya, amma mai buhu ɗari ina zai samo tokar? Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da ta rushe takardar. Sun dai shata mata iyaka: ga inda maganarta ta kai, ga inda ba ta kai ba.

Sai ɗan wani dillalin hatsi, wanda tun yana firamare yake zama a rumfar mahaifinsa, ya duba sunayen da ke saman takardar ya ce, “Malam, wannan Purdue ɗin ba ita ce ke cikin sunan buhun ba?” Ita ce. Harafin farko na PICS sunan jami’ar ne. Aikin ya samo asali daga binciken da Murdock da abokan aikinsa suka yi a arewacin Kamaru tun shekarun 1980, aka faɗaɗa shi a 2007 da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Yaron ya ce, “To ai mai kaya ba ya kushe kayansa.”

Na ji daɗin wannan tambaya fiye da duk sauran, na kuma ji tsoronta. Daɗin, domin yaron ya gano da kansa abin da manyan mujallu ke tilasta wa marubuta su bayyana, wato ko suna da wata maslaha a cikin sakamakon. Tsoron, domin daga nan taki ɗaya ne zuwa cewa duk ƙarya ce, kowa cikinsa yake yi wa aiki. Na ce masa mahaifinka ma yana yabon wakensa, amma mai saye ba ya juyawa ya tafi don haka. Yakan tura hannu ƙasan buhu, ya ɗebo, ya fasa da haƙori. Maslaha dalili ce ta ƙara sa ido. Sai mu duba ko sun faɗi yadda suka yi filla-filla har wani zai iya maimaitawa, mu kuma nemi ko wasu da ba su da hannu a buhun sun gwada sun samu irin wannan.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a garin da jikan Shehu Usmanu, Umaru Nagwamatse, ya kafa. Yawancin yaran nan suna zuwa Islamiyya da yamma, sun san ba a karɓar hadisi sai an tambayi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, mai gaskiya ne, haddarsa na da ƙarfi, ya ma yi zamani da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Malaman hadisi sun yi ƙarnuka suna wannan tankaɗe da rairaya, ba su ɗauke shi rashin ladabi ga magabata ba. Da na kawo misalin, fuskokinsu suka saki. Sai dai na nuna musu inda hanyoyin biyu suka rabu. Abin da aka ruwaito ya riga ya wuce, ba a iya komawa a gani, dole a dogara da amanar mai ruwaya. Gwajin wake kuwa ana iya sake shi gobe da safe. Komai girman farfesa, in ƙwaron ya ƙi mutuwa a kwalbarka bayan ka bi duk matakan da ya faɗa, akwai magana.

Takarda ta biyu ita ce ta canza yadda ni kaina nake koyarwa. Na tambayi ajin me ke kashe ƙwaron a cikin buhun da aka ɗaure. Baki ɗaya suka ce iska ce ta ƙare masa, ya shaƙe. Haka ni ma na ɗauka, haka kowa ke ɗauka. A cikin iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ne. In aka ɗaure buhu, ƙwarin da ke ciki suna ta zuƙar oksijin suna fitar da kabon dayoksaid, wancan na raguwa, wannan na ƙaruwa. Abubuwa biyu na faruwa lokaci guda, to wanne ne mai laifin? A wannan shekara ta 2012 Murdock da Baoua da abokan aikinsu suka buga wata takardar inda suka raba su. Suka ga cewa ƙarancin oksijin ne ke sa tsutsar ta daina ci, yawan kabon dayoksaid kuwa bai taɓa cin nata ba sai kaɗan ko ma babu. In ta daina ci ta daina girma, ba ta zama ƙwaro balle ta hayayyafa. Har nan babu abin mamaki sosai. Abin mamakin shi ne sanadin mutuwar: ƙishirwa.

Na bar kalmar a allo na juya na dube su. Sannan na ce wani ya zo ya rubuta mana lissafin numfashin ƙwayar halitta, wanda suka haddace tun SS1. Ya rubuta: sukari da oksijin su ba da kabon dayoksaid da ruwa da ƙarfi. Na ce ya ja layi a ƙarƙashin ruwa. Tsutsar nan tana zaune a cikin busasshiyar ƙwayar wake, babu rijiya, babu raɓa. Daga ina take shan ruwa? Aji ya yi tsit. Yarinyar layin baya ce ta fara gani. Ta ce, a hankali kamar mai tsoron kada maganar ta fashe, “Malam, ita take yin ruwanta. Da iskar take yin sa.” Haka ne. Babban abin da tsutsar ke samun ruwa da shi shi ne wanda jikinta ke haɗawa in ta ƙona abinci da oksijin. Ka toshe oksijin, ka toshe mata rijiya, ta bushe a hankali ta mutu.

Shekara nawa ina sa yara su haddace wannan lissafi, kalmar ruwa tana zaune a cikinsa ba wanda ya taɓa tambayar amfaninta. A ranar ta tashi ta yi aiki a gabansu, a cikin abin da suke ci kullum. Sun kuma ga wani abu da littafin karatu ba ya nunawa, cewa amsa na iya zama daidai a sakamako alhali dalilin da ake ba ta bai cika ba, kuma sai wani ya ƙi gamsuwa da abin da kowa ya yarda da shi kafin a gano.

Daga nan suka matsa sai mun yi namu. Muka samo kwalaben da aka gama amfani da su, ɗaya da toka, ɗaya a toshe da murfi da leda, ɗaya ɗan kallo da ƙyalle a baki. Bayan makonni muka buɗe, ta toka ta yi kyau ƙwarai, masu goyon bayan kaka suka yi ta murna. Sai ɗan manomin nan ya nuna taga. Kwalbar toka a bakin taga na ajiye ta, rana na dukanta tun daga hantsi, sauran biyun suna cikin kabad. Ya ce, “Malam, a takardar Maraɗi ai zafin rana ma magani ne. To toka ce ta kashe su ko rana?” Kuskuren nawa ne, na kuma faɗa musu haka. Wata ta ƙara da cewa waken ma ba daga buhu ɗaya muka ɗebo ba. Wani ya ce kwalba ɗaya-ɗaya tamkar matuƙan Lind ne. A cikin minti goma suka yi wa gwajinmu abin da suka yi wa na masana, ba su rage komai ba don na malaminsu ne.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan aiki ya wuce maganar wake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara goma sha ɗaya suka rasu, biyar a kason farko, shida a na biyu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa’a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama, aka mayar da kwanan wata baya. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ina kawo wa ɗalibai wannan don su san akwai tambayar da jadawali ba ya amsawa: waɗanda aka yi gwajin a kansu, sun sani, sun yarda? Wake ba a neman izininsa. Ɗan mutum kuwa ba zakaran gwajin dafi ba ne.

Raunin da wannan ya bari kowa ya ga abin da ya haifar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin an gurɓata shi, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta kuɓuta daga nau’inta na asali. Mutanen da aka taɓa cuta suna da hujjar yin tsoro. Abin da suka rasa shi ne hanyar rarrabe zargi mai tushe da mara tushe. Turawa ma sun faɗa wannan rami. A 1998 mujallar Lancet, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta buga takardar Andrew Wakefield da ta jefa shakku a kan rigakafin ƙyanda, a kan yara goma sha biyu kacal, babu ɗan kallo. Iyaye da yawa a Ingila suka ƙi kai ’ya’yansu, ƙyanda ta dawo. A 2002 wani bincike a Denmak ya bi yara fiye da rabin miliyan bai ga illar da aka yi zargi ba, a 2010 kuma mujallar ta janye takardar, aka soke sunan Wakefield daga rajistar likitoci. Ɗalibin da ya saba tambayar mutum nawa, ina ɗan kallo, wa ya biya kuɗin aikin, zai iya kama takardar Wakefield, zai kuma iya kama saƙon murya da ke yawo a WhatsApp yana cewa allura kaza na hana haihuwa. Ma’aunin ɗaya ne.

Abokan aikina sun yi mini ƙorafi iri biyu, kuma ban raina ko ɗaya ba. Na farko lokaci: manhaja ta yi yawa, ajin ya cika, jarrabawa ba ta tambayar wannan. Gaskiya ne, shi ya sa takarda biyu kawai nake yi a shekara, kuma nakan zaɓi wadda ta hau kan darasin da dole in koyar, kamar yadda ta ƙwaron wake ta ɗauke mini numfashi da ƙwarin ajiya a tafiya ɗaya. Na biyu ya fi nauyi: kada mu koya wa yara raina na gaba. A nan ina da ƙa’ida. Kafin ka soki takarda, sai ka faɗi abin da ta yi daidai, da bakinka, har mai gabatarwa ya yarda ka fahimce ta. Sannan sukarka ta zo a siffar tambaya da za a iya amsawa da gwaji. Ba a cewa wannan shirme ne. Ana cewa, da an yi a wuri mai laima, me zai faru? Na lura yaran da suka koyi wannan sun fi girmama masu bincike, domin sun ga wahalar da ke cikin tabbatar da jimla ɗaya. Burina a ce malaman kimiyya da ake horarwa a garin nan kowannensu ya fito ya taɓa warware takarda ɗaya irin wannan da hannunsa, don wanda bai taɓa yi ba ba zai sa yara su yi ba.

Muka sake gwajin daga farko. Mudu uku daga buhu ɗaya, aka juya su sosai a faranti kafin a raba. Kwalabe tara, uku-uku, duk a kabad ɗaya, kowace da takardar kwanan wata manne a jikinta. Yarinyar layin baya ta kawo tokar kakarta a ƙullin leda, ta karan dawa, tankaɗaɗɗiya.

Ana cikin haka ɗan dillalin ya zo da saƙo. Ya ba mahaifinsa labarin ƙishirwar tsutsa a rumfa, dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a tambayi Malam: shi ba ya iya ɗaure buhu wata biyar bai taɓa ba, mai saye kan zo ya ce a buɗe ya gani. In ana buɗewa ana mayarwa, iskar da ta shiga za ta ba tsutsar ruwan da za ta farfaɗo, ko kuwa ta riga ta mutu? Na ce ya gaya wa Alhaji ina gaishe shi, kuma za mu duba. Washegari muka ƙara kwalabe uku, aka rubuta a jikinsu: a buɗe kowace Juma’a, minti biyar.